Ba a Hana Tagwaye Alewa

Lome, farkon Oktoba

Dagan Enyonam, yayar mijina kuma yayata,

Har yanzu in na rufe ido sai in ga Asabar ɗin da kika shigo gidan nan, Akoko a hannun dama, Akwele a hagu, akwatinsu a kanki, kika ce, “Akofa, ga ’ya’yan mijinki. Na riƙe su tun rasuwar uwarsu, yanzu ni zan tafi Gabon neman na kaina. Saura ke.” Ko lallen aurena bai gama gogewa ba! Na yi miki murmushi kawai.

Kin gan ni ko? Na faɗa labari ban gaishe ki ba. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan ’yar takarda. Yaya Libarbil, yaya ɗinki, yaya ciwon bayan nan naki? Mu lafiya lau muke. Ƙaninki Selom ya tafi Wagadugu da lodin siminti, yara suna makaranta, shi ya sa na sami sararin zama.

Bari in gaya miki abin da ya ba ni tsoro ran nan. Kin san ni da littattafan soyayyar da nake haya wurin tsohon nan na gindin bishiya kusa da gidan waya. To, a cikinsu duka ban taɓa cin karo da matar uba ta gari ba. Kullum mai dogon farce ce, mai kulle abinci, mai sa marayu wanke-wanke cikin ruwan sama. Ran da kika tafi na durƙusa na roƙi Allah kada ya sa in zama ita.

Da fari abin ya yi wuya. Ba sa yi mini magana sai dole, kuma Davi suke ce mini, kamar yadda ake kiran kowace budurwa mai talla a titi. In na shigo ɗaki sai su yi tsit, su dubi juna da idon nan nasu na tagwaye.

Sai aka koma makaranta, na fara zuwa ɗauko su ƙarfe biyar, muna biyowa ta cikin kasuwar Be. Dagan, me ya sa ba ki gaya mini ba? Tun daga bakin kasuwa mata suka fara, “Ga Biyu! Ga masu albarka!” Wannan ta cusa musu alewa, waccan cingam, wata biskit. Wata mata da ake kira Da Masan, mai babban teburin kayan zaƙi a bakin ƙofar kasuwa, ta tare hanya da jikinta ta ce, “Uwar Biyu, tsaya mana! So kike ki wuce mini da kasuwata?” Wai duk ranar da suka karɓa daga hannunta, kafin magariba teburinta ya zama fayau. Kuma sai iri ɗaya, launi ɗaya. Ran da aka ba Akoko leda ja, Akwele ruwan ɗorawa, sai da kasuwa ta tsaya ana ba su haƙuri.

Uwar Biyu! Ni Akofa, da ban taɓa goyo ba! Ina tafe a tsakiyarsu kamar matar gwamna.

Ga babban labarin. Akwai wani biskit mai hoton saniya da yaro ya ɗaga dantse, mai kirim a tsakiya. Ranar Alhamis na saya musu shi da kaina. Akoko ta yi ta fama da ledar, sai ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba ta ce, “Mama, buɗe mini.” Mama, Dagan! Na tsaya a tsakiyar kasuwa tsakanin masu kifi ina hawaye, har wata ta tambaye ni ko an yanke mini jaka ne.

Ki rubuto da wuri.

Taki,
Akofa


Libarbil, Nuwamba

Akofa matata,

Takardarki ta iso ta hannun Fo Amevi mai kawo mana gari da busasshen kifi. Na karanta ta sau biyu, na farko don daɗi, na biyu don in tsince gaskiya daga cikin littattafan nan naki. Lafiya nake, bayan ne dai yana nan da halinsa. Garin nan ruwa ba ya ɗaukewa, kaya ba sa bushewa, komai kuma tsada kamar da zinariya aka yi shi. Amma aiki akwai, keken ɗinkina ba ya hutawa.

Na ji daɗi da suka sake da ke. Akoko ce mai taurin kan, in kin same ta kin samu ɗayar. Sai dai kin cika mini shafi huɗu, matar gwamna, ba ki gaya mini ko suna cin tuwo ba. Akwele tana son wake da gari da manja, a sa mata albasa da yawa.

Abu ɗaya zan gaya miki, ki riƙe shi. Marayu ne, kuma tagwaye ne. Kada in ji an ce sun miƙa hannu ga abu kin hana su. Idon unguwa yana kanki, kakarsu ta wajen uwa kuma tana zaune a Aneho da kunne kamar na zomo.

Ga riguna biyu na Kirsimeti, na ɗinka su a kan awon da na tafi da shi, na ƙara yatsa biyu. Ki gaida direban nan naki, ki ce ya tuna yana da ’yar uwa.

Yayarki,
Enyonam


Lome, Janairu

Dagan,

Barka da sabuwar shekara! Allah ya sa bayanki ya yi sauƙi, ya ƙaro masu ɗinki. Kowa a nan ƙalau. Rigunan sun yi cif. Da suka shiga coci a jere sai da mai wa’azi ya manta inda ya tsaya.

Maganarki na riƙe ta kamar aya. Tun da takardarki ta zo, ba su taɓa nuna abu na ce a’a ba, ko sau ɗaya. Yanzu har Akwele ma Mama take ce mini, kuma su biyun suna faɗa a kan wadda za ta riƙe mini jaka.

Kin yi tambayar tuwo. To, suna ci, amma loma biyu ko uku. Na yi wa Akwele waken da kika ce, ta tsince albasar ta ture sauran. Ban damu ba, don na gano dalili: a ƙoshe suke isowa gida. Kafin mu fito ɗaya bakin kasuwar, kowacce ta cinye leda uku ko huɗu, ga na aljihu.

Ƙaninki ne ya so ya tayar da magana da ya zo hutu. Ya dubi kwanon miyar lalo da na sha wuya a kanta ya ce, “Yaran nan iska suke ci ne?”

Na ɗauko ledar biskit ɗin na shimfiɗa masa a gwiwa. Na ce, “Baban Biyu, karanta. Ga madara, ga ƙwai, ga alkama, ga bitamin har kala uku. Tuwonka fa? Nuna mini inda aka rubuta bitamin a jikinsa.”

Ya ce, “Tuwo ba ya zuwa da takarda, amma shi ya kai ni Wagadugu ya dawo da ni.”

Na ce, “Shi ya sa ka tsaya a direba. Waɗannan likitoci za su zama.”

Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce shi ya sallama, an aura masa lauya.

Dagan, a littafin da nake karantawa yanzu, yaran gidan wani attajiri in sun taso makaranta sai a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a kawo musu biskit a faranti, bayan abincin dare kuma a ba su wani abu mai zaƙi su rufe baki da shi. Na ce mu da me suka fi mu? Na yanke tsohon labulen ɗakina na yi ƙyallen tebur. Abin da ya rage na kasuwa nakan jera musu a faranti, in za su kwanta kuma kowacce alewa ɗaya a kunci. Ki zo ki ga yadda suke zama, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kamar ’ya’yan jakada!

Akwele ta koyi wani sabon salo, da gefe ɗaya take tauna kamar akuya. Muna ta yi mata dariya.

Na ƙudura a raina wata rana ni ma zan rubuta nawa littafin, kuma matar uban ciki ita ce za a so.

Taki,
Akofa


Lome, Afrilu

Dagan Enyonam,

Ina gaishe ki. Lafiya kuwa? Tun Janairu nake leƙa rumfar Fo Amevi, kullum sai ya girgiza kai. In ciwon bayan ne ki sa wani ya rubuto mini ko layi biyu. Selom yana hanya, ni kaɗai ce, kuma ina bukatar bakinki.

Ranar Talatar makon jiya Akwele ta tashi da kunci kamar ta ɓoye mangwaro a ciki. Ko ruwa ba ta iya sha. Ashe taunar akuyar nan da muke wa dariya ciwo ne take ɓoyewa, don kada a hana ta alewa. Na goya ta, ƙatuwar yarinya ’yar shekara bakwai, muka hau babur zuwa wurin likitar haƙori, Akoko tana biye tana kuka kamar ita ce mai ciwon.

Likitar wata dattijuwa ce mai sanyin hannu. Ta ba da magani kumburin ya sauka, muka koma ta cire haƙorin. Ta duba na Akoko ma, ta sami ramuka biyu. Sai ta tambaye ni me suke ci in sun taso makaranta. Ni kuwa da alfaharina na zaro ledar saniyar daga jaka.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta juya ledar ta nuna mini ƙananan rubutun baya, waɗanda ban taɓa karantawa ba. Ta ce abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki: fulawa, sukari, mai. Madarar tana can ƙarshen layi. Ta ce, “’Yata, biskit ba guba ba ne. Abin marmari ne, na wata rana. Amma kullum, daga la’asar har kwanciya, bakinsu bai huta da sukari ba, cikinsu kuma ya cika da abin da ba ya gina jiki.” Ta ce wanda ta cire na yarinta ne, wani zai fito. Amma manyan haƙoran baya da suka fito musu bara, su ne na har abada, kuma na Akwele ɗaya ya fara tabo.

Na ce, “Tagwaye ne, Dakta, ba a hana su.”

Ta ce, “Na sani, ni ma ’yar garin nan ce. Amma tsutsar haƙori ba ta san tagwaye ba.”

Jiya Akwele ta koma makaranta. Da muka iso bakin kasuwa Da Masan ta miƙo musu leda biyu, suka miƙa hannu, sai na riga su karɓa. Na ce, “Da Masan, mun gode, zan ajiye musu.” Akoko ta ce a ba ta yanzu. Na ce a’a. Ta faɗi ƙasa da kayan makaranta tana birgima. Da Masan ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu: “Jama’a ku zo ku gani! Ta ƙwace daga hannun Biyu! Ai dama mun sani, wadda ba ta haifa ba ba ta san zafi ba!” Kasuwa ta taru a kaina. Na so in buɗe bakin Akwele in nuna musu gurbin, ta datse shi gam.

Tun jiya Akoko ba ta ce mini komai ba sai, “Davi, ina takalmina?”

Kin ce kada in hana su. Likita ta ce in hana. Duk littattafan da na karanta ba wanda ya zo da wannan shafin. Me zan yi? Ki amsa da jirgin farko.

Akofa


Libarbil, ƙarshen Mayu

Akofa,

Ina fata kuna lafiya. Ni na yi jinya mai tsawo, bayan ya kwantar da ni tun Fabrairu, shi ya sa ban amsa takardarki ta Janairu ba, kuma tun daga ita ban sake ganin rubutunki ba. Yanzu na gane dalilin shirun.

’Yar ƙanwar Da Masan ta sauka nan makon jiya. A gaban masu ɗinkina ta ba da labarin, ina zaune kamar a tsaga ƙasa in shige. Wai kin fizge abinci daga hannun yaran a tsakiyar kasuwa. Wai Akoko tana birgima a ƙasa kina tsaye. Wai an ga fuskar Akwele a kumbure, ba wanda ya san abin da ya same ta. Wai yanzu ta bayan gari kike bi da su kamar ɓarauniya, don kada kowa ya ba su komai.

Ina matar da ta yanke labulenta ta yi musu ƙyallen tebur? Ko duk wannan ma daga littafi kika kwafo mini?

Abu ɗaya na roƙe ki, shi kika karya. Ni na goyi yaran nan, ɗaya a baya ɗaya a gaba, ran da aka binne uwarsu. Na rubuta wa kakarsu a Aneho. In an rufe makaranta ƙarshen Yuni za ta zo ta tafi da su, su zauna can har in dawo. Ki haɗa musu kayansu. Kada ki sa Selom a tsakiya, ni na raine shi, ba zai musa mini ba.

Enyonam


Lome, Yuni

Dagan Enyonam,

Sannu da jiki, sannu. Da na san kina kwance da na aiko miki da man kaɗanyar da kike so. Ga shi yanzu a cikin gwangwani. Mu lafiya muke. Na je wurin Fo Amevi da takardarki a hannu, ya bincika, sai ga tawa ta Afrilu a ƙasan buhun barkono, ba ta taɓa barin Lome ba. Na haɗo miki ita, tana warin yaji. Ki fara karanta ta kafin wannan.

Ki kuma buɗe ’yar takardar da na naɗe a kusurwar ambulan, a hankali. Haƙorin Akwele ne. Ta so ta jefa shi kan rufi, na roƙe ta ta ara mini don Gwaggo ta gani. Ki ɗaga shi a rana ki leƙa ramin. Shi ne kumburin da aka ba ki labari.

Takardarki ta sa ni kuka, ba zan ɓoye ba. Na yi yini guda ban buɗe littafi ba. Amma abin da aka gaya miki rabinsa gaskiya ne. Na karɓe ledar. Akoko ta yi birgima ina tsaye. Kuma ta bakin tafki muke dawowa yanzu.

Dagan, ki zo ki ga hanyar nan! Akwai wata mai gasa masara a gindin kwakwa, ga mai gyaɗa kusa da ita. Kwanakin farko yaran sun bi ni kamar ana jan awaki zuwa mahauta. Yanzu tsere suke yi, su iso gida da yunwa ta gaske. Shekaranjiya Akwele ta cinye wake da gari, ta lashe kwano, ta tambaya ko da saura. Na juya baya na yi rawa a madafa ni kaɗai.

Ban gudu daga kasuwa ba. Ranar Asabar na ɗaura ɗankwali na bi matan rumfa rumfa, ba yara. Na ce albarkar Biyu ba a cikin leda take ba. Mai son ba su ta ba su ayaba, ko lemo, ko dafaffen ƙwai, in kuwa alewa ce ta ba ni in ajiye. Wasu suka ce to. Wasu suka juya mini ƙeya. Wata ’yar tsohuwa mai abarba, wadda ba ta taɓa ba su komai ba don tana ganin kayanta ba na yara ba ne, ta biyo mu har gida da yanka biyu daidai wa daida. Washegari ta zo tana rantsuwa wai kafin azahar tirenta ya ƙare. Da Masan kuwa ta ce, “Uwar Biyun bogi, je ki koya wa kakarki kasuwanci.” Na ce, “Na gode, Da, Allah ya kawo ciniki.” Har yau in ta gan ni sai ta tofar.

Akwele ta dawo ce mini Mama. Akoko tana nan a kan Davi, kuma da gangan take jan sunan don in ji. Yana yi mini zafi fiye da duk abin da aka faɗa a kasuwa. Na san inda maganin yake, leda ɗaya ce mai hoton saniya, kafin in ƙirga uku za ta faɗo jikina. Kullum sai na tuna, kullum sai na bari.

Ban sa ƙaninki a tsakiya ba, shi ya tarar da ni da jan ido. Ya karanta takardarki, ya duba bakin Akwele, ya sosa ƙeya ya ce shi tirela yake iya tuƙawa, ba mata biyu da kaka ba. Amma kafin ya tafi ya sayo buroshi biyu, launi ɗaya.

Kakarsu ta aiko cewa tana tafe ranar da za a rufe makaranta. Zan share gida, in yanka mata kaza, in ba ta gadona. Zan kai ta wurin likitar ta ji da kunnenta. In ta so su yi mata hutu a Aneho, ni zan raka su, in zauna tare da su, mu dawo tare.

Kin ce kada su miƙa hannu in hana su. Na yi ta juya maganar nan, kuma ban yarda cewa wadda ta tambaye ni ko suna cin tuwo wannan take nufi ba. In ma shi kike nufi, ki yi haƙuri, Dagan. Biskit sai Lahadi bayan coci, ɗaya ɗaya, su wanke baki. Sauran kwanaki masara da gyaɗa da abin da itace ya haifa. Kayansu kuma ban haɗa ba, ba zan haɗa ba.

Matar ƙaninki,
Akofa